Malam Misali da Rabin Kwas

Kafin ya tafi kwas ɗin nan, Babanmu mutum ne kamar kowa. Malamin firamare ne, gajere mai ɗan tumbi, mai saurin tafiya kamar wanda ya bar tukunya a kan wuta. Yakan ci gyaɗa a hanya yana tara ɓawon a aljihu, ranar wanki Umma ta yi ta faɗa. In yana dariya a ɗakin malamai, har 'yan aji shida da ke can ƙarshen gini sai sun ji. Mu uku ya haifa, Yaya da ni da Auta, kuma dukkanmu a makarantar da yake koyarwa muka yi karatu, don daga ƙofar gidanmu ana hango katangarta.

Ina aji uku aka tura shi kwas na ƙarin ilimi a kwalejin horar da malamai lokacin dogon hutu. Kwas ɗin kashi biyu ne. A kashi na farko wani lakcara dogo mai gilashi ya koya musu falsafar ilimi, ya fara da ra'ayin wasu masanan dā da suka ce duk abin da ido ke gani inuwa ce kawai, ainihin abu yana cikin hankali. Kujerar da kake zaune a kai za ta karye wata rana, amma kujerar da ke cikin tunani ba garar da za ta ci ta. Haka ma mutum. Akwai cikakken mutum a cikin hankali, wanda ba ya ƙarya, ba ya gaggawa, ba shi da aibu, kuma yaro ba zai taɓa hango shi ba sai a jikin malaminsa. Saboda haka malami ba littafi yake koyarwa ba, kansa yake koyarwa, yaro yana kallonsa yana hawa sannu a hankali zuwa kamala.

Waɗanda suka je tare da shi sun ce rabin ajin gyangyaɗi suke yi, sauran suna jiran a tashi cin abinci. Baba kaɗai ya zauna a gaba baki buɗe. Shekara da shekaru yana ɗaukar kansa makiyayin yara mai alli a hannu, yau ga wani mai gilashi ya gaya masa shi ne tsani tsakanin yaro da kamala. Ana gama kashi na farko zazzaɓi ya kayar da shi, aka sako shi a mota zuwa gida, aka yi masa ƙarin ruwa. Kashi na biyu bai same shi ba. Takardar shaida kuwa ta biyo shi daga baya, tunda sunansa na cikin waɗanda suka yi rajista.

Umma ce ta fara lura. Da ya warke sai ta ga yana tafiya a hankali, hannuwa a baya, kai a miƙe, kamar yana ɗauke da kwanon da aka cika da mai. Ta ɗauka sauran zazzaɓin ne, ta ƙara masa abinci. Ya ɗauki farantin ya shige ɗakin ajiya, ya zauna tsakanin bokitai da tsohuwar katifa, ya ja ƙofa. Da ta bi shi ta tambaya, sai ya bayyana mata cewa akwai ɗalibai uku a gidan nan, kuma bai kamata ɗalibi ya ga malaminsa yana tauna ba. Umma ta tuna masa cewa ɗaliban nan 'ya'yansa ne, ɗaya daga cikinsu ma ba a daɗe da ya daina yi masa fitsari a cinya ba. Baba ya ce wannan kafin kwas ne.

Daga nan abu ya yi ta gaba. Ya daina hamma a gaban mutane, ya daina susa, ya daina gudu ko da ruwan sama ya tsuge. Atishawa a banɗaki yake yin ta. Da yake unguwar tamu ba gidan da babu ɗan makaranta, aikin nasa ba shi da lokacin tashi. In zai sayi tumatir ba ya neman ragi, don kada yaron mai tumatir ya ga malaminsa yana jayayya, sai Umma ta karɓe cefane daga hannunsa gaba ɗaya. A ɗakin malamai duk maganar da zai yi sai ya fara da cewa malami misali ne, har abokan aikinsa suka laƙaba masa Malam Misali. Bai ji haushi ba. Shi a ganinsa sun gane ne.

Dariya ce ta fi ba shi wahala, don shi mai yawan dariya ne tun asali. Sai ya samo dabara. Baffa, wansa, yana da shagon gyaran rediyo a can wani gefen gari, da ɗan ƙaramin ɗaki a ciki inda yake zuba matattun rediyoyi. Duk Asabar Baba zai je can, Baffa ya ƙure muryar wata rediyo, shi kuma ya shiga ɗakin ya rufe ya yi dariyar da ya tara ta mako. Yakan dawo ido jawur, murya a dushe, jiki a sake kamar wanda aka yi wa tausa. In Auta ya yi wani abin ban dariya a tsakar gida, kamar ranar da ya cusa kansa a tulu ya kasa fitarwa, Baba zai tsaya ya dube shi da kyau, ya ce, "Wannan abin dariya ne. Na riƙe shi." Ya wuce ɗaki.

Shekara ta zagayo na shiga aji huɗu, ajinsa. Ranar farko ya zana da'ira a allo, ya ja da baya ya dube ta, ya tambaye mu ko wannan da'ira ce. Muka ce e. Ya ce mu sake dubawa. Muka ga ta ɗan karkace ta hagu. Ya goge ya sake zanawa, ta karkace ta dama. Sai ya ce hannun mutum bai taɓa zana cikakkiyar da'ira ba, amma kowannenmu ya san ta, in ba haka ba da ba mu gane wannan ta karkace ba. Tun daga ranar ya daina zane a allo, a iska yake zanawa da yatsa, mu kuma mu bi yatsan da ido. Hedimasta, wanda kuɗin sayen alli ya daɗe yana ba shi ciwon kai, ya yaba masa a gaban sauran malamai. Da bencin baya ya karye, Baba ya gaya wa yaran da ke zama a kai cewa benci na gaskiya yana nan lafiya a cikin hankalinsu. Suka yi zangon karatu guda a tsugune.

Amsa kuwa ba ya bayarwa. Ya ce ilimi yana cikin yaro tun haihuwa, kamar ruwa a rijiya, aikin malami zura guga ne kawai. Akwai monitan ajinmu, ɗan wani mahauci, yaro ƙato mai ladabi wanda lissafi bai taɓa shiga kansa ba. Baba ya tambaye shi bakwai sau takwas, ya ce ya leƙa cikinsa amsar tana nan. Yaron ya rufe ido, muka yi ta jiransa har aka buga ƙararrawa. Washegari aka ci gaba. Bayan an kwana biyu ana haka, yaron ya buɗe ido ya ce da gaske ya duba ko'ina, yunwa kaɗai ya samu. Baba ya ce alama ce mai kyau, guga ta fara taɓa wani abu.

Abin da Baba bai yi zato ba, ko kuma ya yi zato bai san girmansa ba, shi ne maganar lakcaran za ta tabbata. Yara suka fara koyi da shi. Da farko wasa ne, daga baya ya zama jiki. In an tashi daga makaranta sai ka ga 'yan aji huɗu sun fito a jere, hannuwa a baya, suna gyaran murya. Uwa ta aiki ɗanta sayen ashana, kafin ya dawo ta roƙi wuta a maƙwabta ta gama girki. Wata yarinya ta ga madara na tafasa tana zuba, ta taso a natse, kafin ta iso tukunyar ta ƙone. Yara suka riƙa ɗaukar abinci suna ɓuya bayan ƙofa, iyaye suka ɗauka wani ciwo ne ya shigo gari.

A taron iyaye da malamai mahaucin nan ya miƙe ya ce shi ba ya raina malamai, amma ɗansa ya gaya wa wata mai sayen nama cewa cinyar da ke kan tebur inuwar cinya ce, matar kuwa ta ce to ita ma inuwar kuɗi za ta biya. Wata uwa ta ce nata ɗan ya daina dariya, sai dai ya ce ya riƙe. Baba ya saurare su duka, fuskarsa a natse, ya gode musu, ya ce abin da suke gani ciwon fitowar haƙori ne, kamala ba ta fitowa ba zafi. Aka tashi ba a cimma komai ba, don a gefe guda kowa ya yarda yaran sun daina ƙarya da faɗa, kuma ba wanda ya sake satar fensir a ajin.

Sai ranar lambatu ta zo. Tsakanin ƙofar makarantarmu da titi akwai wani babban lambatu, zurfinsa ya kai ƙirjin babban mutum, an ɗora katako a kai ana tsallakawa. Filin wasa yana ƙetaren titi. Ran nan da safe, bayan an sha ruwan sama, Baba ya jera mu zai kai mu motsa jiki, wanda shi a tsaye cik yake koyar da shi. Yana gaba muna biye. Ya taka tsakiyar katakon, katakon ya ce ƙaras, Baba ya ɓace.

Muka matsa bakin ramin. Yana tsaye a ƙasa, baƙin ruwa har gwiwarsa, ledoji da ɓawon lemo suna kewaya shi. In zai fito sai ya ɗaga ƙafa ya ja ciki kamar ƙadangare, ko ya nemi a miƙo masa hannu, cikakken mutum kuwa ba ya yin ko ɗaya a gaban ɗalibai. Sai ya gyara hularsa, ya mayar da hannuwa baya, ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Ku dubi ruwan nan. Mai tsabta ne?"

Muka ce a'a.

"To ta yaya kuka san ba shi da tsabta, in ba akwai ruwa mai tsabta a cikin hankalinku ba?"

Monita ya yi nazarin maganar, ya zauna a bakin lambatun, ya sulale ciki, ya tsaya gefen Baba ya sa hannuwa a baya. Na bayansa ya bi, na bayan wannan ma ya bi. Ni na san faɗawa Baba ya yi, kuma na san yana kallon yaran nan suna sauka ɗaya bayan ɗaya ba shi da bakin hana su. In ya ce su tsaya, ya amsa cewa malami ya yi abin da bai kamata a koya ba. Da layi ya zo kaina na cire takalmina na riƙe a hannu na sauka. Ruwan ya kai mana ƙugu, sanyi kamar ƙanƙara, warin kuwa ba a magana. Baba ya ci gaba da darasi a kan tsabta.

Muna cikin haka babur ya tsaya a bakin titi. Sufeto ne daga ofishin ilimi, sabo, matashi, da jaka a rataye. Ya nemi katakon tsallakawa bai gani ba, ya leƙa ƙasa, ya ga aji guda cif da malaminsu. Daga ɗaya gefen Hedimasta ya fito a guje, ya tsaya yana haki, ya fara ba da haƙuri yana rantsuwa cewa bai san da wannan ba. Sufeto ya ɗaga masa hannu. Ya ce makarantu nawa ya zagaya yana neman malami ko ɗaya da zai fitar da yara daga aji ya sa su taɓa duniya da hannunsu, sai yau Allah ya haɗa shi da shi. Ya durƙusa ya tambayi monita abin da ya koya.

Monita ya ce, "Yallaɓai, ruwan nan inuwa ce."

Sufeto ya dubi katangar makaranta da ta yi wa lambatun inuwa, ya gyaɗa kai. Ya gaya wa Hedimasta cewa yaron ya gano da kansa inda sauro ke hayayyafa, abin da littafi zai yi shafi uku bai fahimtar ba. Mai gadi ya kawo tsani, muka fito ɗaya bayan ɗaya. Baba ne ya fito a ƙarshe, a natse, wando na ɗiga, ya gaisa da Sufeto ba tare da ya dubi ƙafafunsa ba.

Iyaye sun yi niyyar tayar da ƙura saboda wankin da aka ja musu, sai labari ya zo cewa za a karrama Malam Misali a ofishin ilimi. Umma ta goge masa kayansa masu kyau, muka bi shi duka, har da Baffa. Aka zaunar da shi a babban tebur. Sufeto ya tashi ya yi jawabi, ya ce ga malamin da ya gane cewa ilimi yana cikin hannu da laka da abin da ake taɓawa, ba cikin tunanin banza ba. Ya ce zamanin da malami zai tsaya kamar gunki yara suna kallonsa ya wuce, sai a wurin waɗanda aka bari a baya. Aka yi ta tafi. Aka miƙa wa Baba agogon bango a cikin kwali. Ina kallon fuskarsa, ko gezau bai yi ba, amma na san wannan ba ya cikin abin da zai kai shagon Baffa.

Da aka watse ya ja Sufeto gefe, ina tsaye kusa riƙe da kwalin. Cikin ladabi ya tambaye shi inda ya samo wannan ra'ayi. Sufeto ya ce a kwas ɗin kwalejin horar da malamai ne, a bakin wani lakcara dogo mai gilashi. Shi bai samu kashi na farko ba, matarsa ce ta haihu, amma bai yi asarar komai ba, don a kashi na biyu lakcaran ya bi abin da ya faɗa a baya ya warware shi tas.

Baba ya ce, "Shi mai gilashin da kansa?"

"Shi fa. Ya ce na farkon tarihi ne kawai, don a san abin da mutanen dā suka yi zato."

Baba ya yi godiya. Muka taho gida. Ya zauna a kan tabarma a tsakar gida bai ko cire hula ba, har rana ta sauka daga kan katanga. Umma ta kawo masa shayi ta tambayi abin da ya faru.

Ya ce, "Ashe rabi na ji."

Ta ce, "Malam, rabin ma ya ishe mu. Da ka ji duka ban san inda za mu sa kanmu ba."

Ya nemi a mayar da shi kwalejin ya ƙarasa, aka ce takardarsa ta nuna ya gama, ba a maimaita wa wanda ya ci. Ya yi kwanaki yana juya abin a ransa. A ƙarshe ya yanke cewa ba zai canza ba, domin yaran da suka riga suka hau rabin tsani suna kallonsa, in ya juya yanzu sai su faɗo. Sassauci ɗaya kawai ya yi: ya bar ɗakin ajiya, ya dawo cin abinci a tsakar gida, amma ya juya mana baya.

Darasin lambatu kuwa ya bazu. Sufeto ya umarci makarantu su yi koyi, malamai suka riƙa zura yara a magudanan ruwa, har wata makarantar da ba ta da lambatu ta kai nata yaran na maƙwabta. Da ƙaiƙayi ya kama yara da yawa, ma'aikatan lafiya suka hana, aka yi wa Sufeto canjin wurin aiki. Ba wanda ya tuna da Baba a cikin rigimar. Shi bai sake shiga lambatu ba, sai dai tun daga ranar in zai taka katako yakan tsaya ya bar monita ya fara.

Haka ya ci gaba har ya yi ritaya. Ba zan ce aikinsa ya tafi a banza ba. Monitan nan ya gaji teburin ubansa, kuma duk garin an san sikelinsa ba ya cuta, sai dai in ka je sayen nama ka tafi da abin zama, don yanka ɗaya yakan ɗauke shi lokacin da wani zai feɗe akuya. Ɗaliban Baba ana gane su a ko'ina, ba sa ƙarya, ba sa tsallake layi, kuma motar haya ta sha tafiya ta bar su a tasha.

Ritaya ba ta kawo masa hutu ba. Wanzaminsa ɗalibinsa ne, mai kemis ɗalibinsa ne, direban motar unguwa ɗalibinsa ne, kowa ya hango shi sai ya gyara tsayuwa, shi ma dole ya gyara. Gwiwoyinsa suka fara ciwo, ba halin ya yi ɗingishi. Da Yaya ya samu aiki a wani gari mai nisa, sai ya zo ya kwashe su shi da Umma, ya ba su ɗakuna biyu a bayan gidansa da ɗan fili.

A can ba wanda ya san shi. Watan farko bai yarda ba, yana fita yana duban fuskokin mutane ko wani zai rusuna, ba wanda ya kula. Sannu a hankali ya fara ɗingishinsa a fili, ya juyo yana cin abinci tare da kowa. Ya sayi kaji yana kiwo a filin, ya ce bai taɓa ganin halitta mai sanyaya rai kamar kaza ba, kana tsaye kana zaune ita tsattsagarta take yi. Suka yi yawa har suna shiga ɗakin girki. Ya hana a yanka, ya hana a sayar.

Sai dai Baba ba ya bambance su. A wurinsa baƙa da ja da wake-wake duk kaza ce, in ya leƙa ya ga akwai kaza a filin, to, kaza tana nan. Umma ta gano haka da wuri. Duk ranar da aka yi baƙi sai ta sa matar Yaya ta ja shi da hira a zaure, ita kuma ta zagaya baya da wuƙa. Zuwana na ƙarshe da yarana, an kawo mana farfesu, Baba ya ci ya suɗe ƙashi, ya ce rabon da ya ci nama mai daɗin wannan har ya manta. Ya tambayi Umma inda ta samo.

Ta ce, "Wurin wani tsoho ne a nan kusa, yana kiwo da kyau."

Baba ya ce a gaishe shi, kuma a riƙa saye a wurinsa.